Karatun likita: Dakar mai suna ko Yamai mai sauƙin kuɗi?

Da zarar sakamakon jarrabawar BAC ya fito, murnar gidajen da ƴaƴansu suka ci da maki mai kyau a Série D ba ta wuce kwana biyu kafin lissafi ya maye gurbinta. Yaro ko yarinya na son zama likita, amma a ina? A gida Nijar, ko a wata makaranta mai suna a waje? Sau da dama amsar ba a hannun ɗalibin take ba. Tana hannun uban da zai sayar da fili, ko yayan da ke aiko da kuɗi daga Legas, Abidjan ko Faransa.

Sunan da ya fi yawo a bakin iyaye shi ne Dakar. Ba a banza ba: makarantar likitanci ta can ta samo asali tun 1918, zamanin mulkin mallaka, kuma ita ta horar da rukunin farko na likitocin ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Faransa. Sai Maroko, Aljeriya da Tunisiya. A gida kuwa, Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta daɗe tana yaye likitoci, yanzu kuma jami'o'in André Salifou ta Damagaram da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ma suna da sashen kimiyyar lafiya. Ɗan Tasawa ko Matamai ba dole ne ya yi nisa da gida ba.

Inda iyalai suka fi yin kuskure shi ne wajen lissafi. Sukan dubi kuɗin rajista na shekarar farko su ce za su iya. Alhali karatun likita shekara bakwai zuwa takwas yake ci, in ba a maimaita aji ba, kuma kuɗin makaranta shi ne ƙaramin kaso. Akwai hayar ɗaki, abinci, mota zuwa asibiti kullum, littattafai, tikitin zuwa gida, da rashin lafiyar da ba ta sallama. Kuɗin Senegal da na Nijar duk CFA ɗaya ne, amma jika goma a Dakar ba ta kai inda take kaiwa a Maraɗi. Faransa kuwa, a 2024, ta riƙa neman ɗalibi ya nuna yana da akalla yuro 615 a kowane wata kafin ta ba shi biza, wato sama da jika 400. Wannan ma ga wanda ya samu hanyar neman bizar ke nan, tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024.

Haɗarin ba wai kuɗin su yi yawa ba ne kawai. Haɗarin shi ne su yanke a tsakiya. Ɗalibin da mai ɗaukar nauyinsa ya rasu ko kasuwa ta karye masa a shekara ta huɗu, ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Takardar BAC ce kawai a hannunsa, ga bashi a gida. Komawa wata jami'a ba ya tabbatar da za a karɓi duk shekarun da ya yi. Tallafin karatu na hukumar ANAB da guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa suna rage nauyi, sai dai ba su isar kowa, kuma ɗalibai sun sha kokawa kan jinkirin biya.

Wannan ba ya nufin karatun gida ba shi da nasa ciwon. Cunkoso a azuzuwan farko, yajin aikin malamai da na ɗalibai, da shekarun karatu da ke hawa kan juna, duk abubuwa ne da ɗaliban Yamai suka sani. Amma waje ma ba tudun mun tsira ba ne. Yaƙin Ukraine a 2022 da na Sudan a 2023 sun kori dubban ɗaliban Afirka daga azuzuwansu, ita kanta jami'ar Dakar an rufe harabarta tsawon watanni bayan tarzomar watan Yunin 2023.

Akwai kuma abin da suna ba ya saye. Likita a bakin gadon majinyaci yake ƙwarewa, kuma wanda ya yi horo a Babban Asibitin Yamai, asibitin Lamorde, gidan haihuwa na Issaka Gazobi ko asibitin ƙasa na Damagaram, ya ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tamowa, sanƙarau da doguwar naƙuda har sun zame masa jiki. Yana kuma jin Hausa ko Zabarmancin tsohuwar da ke kwatanta ciwonta. A ƙasar da ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, wannan ba ƙaramin jari ba ne. Makarantun waje sun fi ƙarfi ta fuskar na'urori, bincike da sanin mutanen da za su buɗe wa ɗalibi ƙofa daga baya.

Masu burin aiki a Turai ko Amurka su san cewa takardar Dakar da ta Yamai layi ɗaya suke bi a can. Faransa na sa likitocin da suka yi karatu a wajen Tarayyar Turai su ci jarrabawar EVC, Amurka kuma USMLE. Shi ya sa likitocin Nijar da dama suka bi hanya ta uku: digiri a gida, sannan ƙwarewa a Dakar, Abidjan ko Rabat, lokacin da shekarun suka fi gajarta kuma sunan makaranta ya fi tasiri.

Mafi hatsarin duka su ne makarantun kuɗi masu ƙyallin talla a Facebook da dillalan da ke karɓar kafin alƙalami. Kafin a biya ko dala, ya kamata a tabbatar hukumar CAMES ta amince da takardar, sunan makarantar yana cikin kundin makarantun likitanci na duniya, kuma tana da asibitin horo na gaske. Likitan da ya dawo da takardar da ba a amince da ita ba, ba zai samu rajista a hukumar likitoci ta ƙasa ba, balle izinin duba majinyaci.