Ikilisiyar Lutheran ta Adamawa: Ƙarfinta Yana Gunduma

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Zagga da Bagudo ya san Zabarmawa da Dendawa da Fulani da Kyangawa kowa da harshensa a gida, amma in aka zo ciniki Hausa ce ke raba gardama. Abin da yawancinmu a wannan ƙarshen Arewa ba mu sani ba shi ne, a can ɗaya ƙarshen, a Jihar Adamawa, akwai ikilisiya mai mabiya sama da miliyan biyu wadda wannan harshe ne ya ɗinke ƙabilunta. Ita ce ikilisiyar Lutheran da aka fi sani da LCCN, mai hedkwata a Numan, inda kogin Gongola ke shiga Binuwai.

Tarihinta a taƙaice: wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, ya sauka Numan a 1913. A 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, su biyar. Akila Todi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, kuma ya zama bishop a 1973. A 2017 aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a taron da aka yi a Windhoek ta Namibiya, shekara 500 daidai bayan Martin Luther ya fara yunƙurinsa a Jamus, ya riƙe muƙamin har 2023.

Irin wannan labarin na manya ne, shi jaridu ke ɗauka. Amma wanda ke son sanin yadda ikilisiyar ke numfashi, sai ya sauko ƙasa. Tushenta ita ce majami'ar ƙauye, wadda sau da yawa ba ta da fasto nata na kanta. Mai bishara ne ke jagorantar sujada, dattawa na kula da horo da sasanta ma'aurata, ma'aji na rubuta baiko da zakka, zumuntar mata kuma na ɗauke da nauyin jinya da biki da makoki. Majami'u da dama su ke haɗuwa su zama gunduma, kuma a nan ne ake samun fasto mai yin baftisma da ɗaurin aure. A majalisar gunduma ake karanta lissafin kuɗi, a tattauna wa za a tura makarantar tauhidi ta Bronnum da ke Mbamba kusa da Yola, a yanke shawarar inda za a kafa sabuwar majami'a. Can sama kuma akwai dayosis, mai bishop, irin su Todi da Bonotem da Arewa da Abuja, sannan babbar majalisa. Kuɗi daga ƙasa yake hawa, labari ma haka. Bishop na iya aika takarda, amma ko za ta yi aiki a ƙauye, wannan yana hannun faston gunduma da dattawansa.

Majalisar da ta tara Bachama da Lunguda da Mbula da Chamba da Kilba, da wane harshe za ta zauna? Da Hausa. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke tun 1932, kuma da shi aka yi wa zuriya bayan zuriya wa'azi. Ƙungiyar da ta haɗa wannan ikilisiya da 'yan'uwanta ma sunan Hausa gare ta, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN. Bahaushen da ya zauna a bakin ƙofa zai ji Allah da addu'a da zakka da tuba da gafara, kalmomin da ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Ba kowa ke murna da haka ba, a gaskiya. Akwai masu ganin Hausa ta danne harsunan iyayensu a cikin majami'a, matasan birni kuma sun fi karkata ga sujadar Turanci. Kukan na farkon yana da hujja, bai kamata mu masu alfahari da yaɗuwar Hausa mu toshe kunne ba.

Dalilin kawo wannan zance ya wuce sha'awar tarihi. A ƙarshen 2017 an zubar da jini a ƙasar Numan tsakanin manoma da makiyaya, an kashe mata da yara, ramuwa ta biyo baya, ƙauyuka suka ƙone. Al'adarmu bayan irin wannan masifa ita ce a tara sarakuna da bishop-bishop da shugabannin ƙungiyoyi a babban ɗakin taro, a yi jawabai da Turanci, a ɗauki hoto, a watse. Alhali wanda ya san gonar da aka shiga da saniyar da aka sare da yaron da ya fara wasa wuƙa yana gunduma, kamar yadda a ɗaya ɓangaren arɗo da limamin ruga suka sani. Waɗannan mutane ba su bukatar tafinta a tsakaninsu.

Saboda haka ina ganin duk kwamitin sulhu da gwamnati za ta kafa, a Adamawa ko a nan Kebbi inda rikicin gona da burtali ba baƙo ba ne, ya fara da neman jerin gundumomin ikilisiyoyin yankin da sunayen fastocinsu, ya haɗa da na arɗo-arɗo da limamai da masu unguwanni, ya kira su tun kafin kaka ta yi, lokacin da shanu ke fara gangarowa fadama.