Kafin a taɓa tsohuwar fijo da sifana, a ɗauko biro

Layin dogon da ya taso daga Kwatano, a ƙasar Benin, bai wuce Parakou ba. A 1936 ya iso garin bayan tafiyar kilomita 438, ya tsaya cik, sai ya zama duk kayan da za su Nijar a nan ake sauke su daga tarago, a lafta wa manyan motoci, su nufi Malanville su haye zuwa Gaya. Abin da ya mayar da Parakou garin direbobi da makanikai ke nan. Ita kuwa Djougou ta saba da matafiya tun zamanin da fataken Kano ke yada zango a cikinta a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma da aka daina fatauci da jakuna sai garin ya rungumi sufurin mota. A tsakanin garuruwan nan biyu, babu motar da ta ci ƙasa kamar fijo.

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, ya biyo da 504 a 1968. Ita 504 ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda duk duniya aka sani da karya motoci. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma masana'antar Kakuri da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har wajen 2006. A shekarun farko ma ta jirgin sama ake kwaso kayan haɗin daga Lyon zuwa Kano, sannan a sa su a mota zuwa Kaduna.

Saboda haka fijon da ke kwance a bayan wani gareji a Parakou, kaji na ƙwai a kujerarta, tana iya kasancewa ɗaya daga cikin uku. Ko dai haɗin Kaduna ce da ta tsallako iyaka, ko tsohuwar Turai da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ko kuma irin waɗanda samarin Turawa suka riƙa ratso Sahara da su a shekarun 1970 da 1980, ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. A ido duk fijo ce. Ga mai son ya maido da ita yadda ta fito daga masana'anta, ukun nan ba ɗaya ba ne.

A ƙa'idar ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don kula da tsofaffin ababen hawa, mota kan shiga sahun kayan tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta da kamanninta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Duk wata 404, da mafi yawan 504, sun cika sharaɗin shekaru. Sharaɗin kamanni ne ke kayar da su, kuma laifin, in laifi ne, na gwanintarmu ne.

Bakaniken yankin nan ba ya barin mota ta mutu. Kabureta ta gaji, ya ɗauko ta wata motar ya sassaƙa mata mazauni. Injin fetur ya buga, ya dasa na dizal. Fitila ta fashe, ya faɗaɗa ramin ya cusa wadda ya samu a kasuwa. A yi walda a ƙara wa bodi ƙarfe don ya ɗauki buhunan doya, a ɗaga baya, a ƙanƙanta kujeru don a matsa fasinja tara. Da wannan basira motar ta yi shekara 40 tana ciyar da iyali, kuma ba ni da bakin kushe ta. Sai dai kowane gyara yana shafe wata shaida, har a wayi gari babu mai iya cewa ga abin da motar ta zo da shi.

Shi ya sa masu sana'ar maido da tsofaffin motoci a ƙasashen da ta kafu ba da sifana suke farawa ba. Da kyamara da littafi suke farawa, kafin a wanke motar ma, domin ruwa da sabulu suna tafiya da alamar alli da ta tawada da ma'aikatan masana'anta suka bari. Abu na farko shi ne ɗan farantin ƙarfen da aka kafe a ɗakin inji, mai ɗauke da samfurin motar da lambarta. Wannan lamba an kuma buga ta a jikin ƙarfen bodi, ita ce kuma ya kamata a gani a takardun motar. In ukun suka yi daidai, an samu tushe. In suka saɓa, to an haɗa mota biyu ko uku ne aka yi ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a kowace tasha. Lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da aka saba gani yanzu sai a farkon shekarun 1980 ta zama ruwan dare, kuma ta fijon Faransa da VF3 take farawa. Motar da ta girmi wannan tsari gajeriyar lamba gare ta, don haka wanda ya nuna maka 504 ta 1972 da doguwar lamba, ka sake dubawa.

Daga nan sai inji. Na farkon 504 mai cc 1,796 ne, daga baya aka ƙara shi zuwa 1,971, ga kuma na dizal ƙirar Indenor, kuma kowanne da lambarsa a jiki. Ƙarƙashin motar ma yana magana. Ƙaramar 504 ta asali kowace tayar baya da nata motsin, amma doguwar, mai layin kujeru uku, ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, da sifirin mai naɗi bibbiyu a kowane gefe, ita kuwa akori-kura sifirin mai falle-falle gare ta. Farkon fitowarta a jikin sitiyari ake sa giya, daga baya ta sauko ƙasa. Wanda bai san wannan ba zai kashe kuɗi ya haɗa kyakkyawar mota wadda masana'anta ba ta taɓa ƙera irinta ba.

Fenti ne ya fi yaudara. Rana da ƙurar hunturu sun kodar da na waje, masu fenti kuma sun yi masa rufi uku ko huɗu. Launin gaskiya yana ɓoye a inda rana ba ta kai: ƙarƙashin robar ƙofa, bayan dashbod, cikin but ƙarƙashin shimfiɗa. Gwani yakan zaɓi wuri ɗan mitsitsi ya goge a hankali, rufi bayan rufi, ya ɗauki hoton kowanne har ya kai ga ƙarfe. Ƙananan kaya kuma kowanne da sunan maƙerinsa: kabureta Solex ko Zenith, fitila Cibié ko Marchal, agogon dashbod Jaeger, kayan wuta Ducellier ko Paris-Rhône. Gilashi ma yana da tambari a kusurwa, kuma in na ƙofa ɗaya ya bambanta da sauran, an taɓa canza shi. Aikin ya yi kama da na mai bin salsalar gidan sarauta: ba ya karɓar bakin mutum guda sai ya ji na biyu ya gaskata shi.

Na biyun a nan takardun kamfani ne. Peugeot yana da gidan tarihi a Sochaux tun 1988, da ma'ajiyar takardu ta Terre Blanche a Hérimoncourt, inda ake adana zane-zane da kundayen ƙira. Mai mota kan aika da lambarta, ya biya, a ba shi shaidar lokacin da aka ƙera ta.  Wannan hanya ta fi sauƙi ga motar da ta fito daga Faransa. Ga haɗin Kaduna, wanda kamfaninsa ya sauya hannu fiye da sau ɗaya tun 2006, shaidar da ta fi kusa da hannu ita ce motocin da suka rage, da littattafan kayan gyara masu maiƙo da ke cikin akwatunan tsofaffin dillalai, da kawunan mutanen da suka yi aikin.

A nan ne nake ganin bai kamata mu kwaikwayi Turawa ido rufe ba. Yarjejeniyar Turin, wadda FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ita kanta ta yarda cewa canje-canjen da aka yi wa mota a zamanin da take aiki wani ɓangare ne na tarihinta, kuma ta nemi a rubuta duk abin da aka taɓa. To doguwar fijon da ta yi shekara 25 tana jigila tsakanin Djougou da Parakou, da karagar kaya a samanta da addu'ar da mai ita ya sa aka rubuta a bayanta, mece ce asalinta? In aka kankare duk wannan aka mayar da ita kamar ranar da ta bar masana'anta, an samu mota mai sheƙi irin wadda ke da dubbai a Turai, an kuma rasa wadda babu irinta sai a nan. Wata motar ta cancanci a maido da ita sabuwa dal, wata kuma a tsayar da tsatsarta kawai a bar ta da tabonta. Ba a iya yanke wannan hukunci sai an san wanne ne na masana'anta, wanne ne na gareji, a wace shekara, kuma don me.

Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba. Wayar hannu mai kyamara ta isa, da littafi guda ga kowace mota, da ledoji da za a zuba kusoshin kowane sashe a rubuta sunansa. Abin da ya fi tsada shi ne zama da dattijon bakanike, wanda ya koyi aiki a kan 404, a ce masa: “Baba, wannan ita ce kaburetar da ta zo da ita?” Zai juya ta sau ɗaya ya ba da amsa, ya ƙara da labarin shekarar da irinta ta ɓace a kasuwa. A naɗi muryarsa, da Hausa ko Dendi ko Faransanci, duk wanda ya fi sakewa da shi. Yaransa na yanzu Toyota suka tashi suka tarar, da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

Arewacin Benin ya yi sa'a guda: babu gishirin teku irin na Kwatano, babu kuma wanda ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, don haka ƙarfe yana jimawa. Masu saurin cinye shi 'yan gwangwan ne, waɗanda ke sare mota su ɗora a sikeli su biya da kilo. Ko wadda ta wuce gyara tana da amfani kafin ta hau sikelin: a ɗauki hoton farantinta, da lambar injinta, da launin da ke ƙarƙashin robar ƙofarta, domin da irin waɗannan ne za a gane kamannin 'yar'uwarta da za a ceta.