Yadda Yahudawa Ke Tsarkake Madafa Kafin Idin Ƙetarewa

Ku sani Yahudawa suna da wani idi da suke kira Fesah, watau Idin Ƙetarewa, wanda ke kamawa ran 15 ga watansu Nisan, wajen Maris ko Afrilu. Suna tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa, alaihis salamu. Sun ce kakanninsu sun fita da gaggawa, ƙullin gurasarsu bai tashi ba. Saboda haka kwana 7 a Isra'ila, 8 a sauran ƙasashe, haramun ne gare su su ci ƙullin da ya tashi, ko su mallake shi. Sunansa hames: alkama, ko sha'ir, ko danginsu uku, in sun jiƙa suka wuce minti 18 ba a gasa ba.

Inda hukuncin ya yi zurfi shi ne tukwane. Malamansu sun ce tukunya tana shan abin da aka dafa cikinta, kuma yadda ta sha haka za ta fitar. Ta ƙarfe a kankare ta, a bar ta yini da kwana, sa'an nan a tsoma ta cikin tafasasshen ruwa. Ƙarfen gashi kuwa sai an ƙona shi ya yi ja. Amma tukunyar ƙasa ba ta da magani, sai a kulle ta har idi ya wuce. Yahudawan Habasha, a ƙauyukansu na dā, fasa nasu suke yi su gina sababbi.

Daren 14 ga wata maigida ya kunna kyandir, ya bi lungu-lungu yana neman ɓarɓashi, da safe ya ƙone abin da ya tara.

To, mai shago cike da kaya fa? Nan fatake su saurara. Malaminsu ya sayar da kayan ga wanda ba Bayahude ba, da takarda da kafin alƙalami. Bayan idi, in mai saye bai cika kuɗi ba, kaya su koma ga masu su. A Isra'ila wani Balarabe Musulmi, mutumin Abu Gosh kusa da Ƙudus, ya yi shekaru yana sayen hames na hukuma haka. A ganina cinikin yana kama da hila, amma su sun ce ciniki ne sahihi, domin in ya biya, ba mai hana shi kwashe kayansa.

Haza wasalam.