Kare na zubar da gashi: yaushe ne sauyin yanayi, yaushe ne ciwo?

A ƙauye kare ne mai gadin garke da rumbu. A birane kamar Yamai, Maradi da Damagaram kuma, wasu na ajiye karnukan Turai masu yawan gashi, irin na Jamus, don tsaron gida. In gashin ya fara zuba, kafin a nemi magani sai a fara gano dalili.

Karen Turai gashinsa hawa biyu ne: mai laushi a ƙasa, mai kauri a sama. In sanyi ya wuce, zafi ya kama, na ƙasan kan zube da yawa. Muddin fata na nan lafiya, babu ƙuraje, babu susa, wannan ba ciwo ba ne. A dinga taje shi, a ba shi inuwa da ruwa. Kada a aske shi ƙwal don tausayi: a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, gashin saman ne ke kare fatarsa daga rana. Karya ma takan zubar da gashi bayan haihuwa, ya sake tsirowa.

Amma ga alamun da ba a wasa da su. In kare na susa dare da rana, gashi ya tsige a bakin kunnuwa, gwiwa da ciki, fata ta yi ɓawo, galibi ƙazuwa ce. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa cikin fata. In kuma wuri ne zagaye kamar kwabo ya yi sanƙo, to a yi zargin makero. Susa a gindin wutsiya kuwa, a duba ƙuma. Gashi ya bushe, haƙarƙari a waje, wannan yunwa ce ko tsutsar ciki. Tsakin gero da ruwa kaɗai ba su riƙe kare.

Abin lura, makero na kama mutum, musamman yara, ƙazuwar kare ma takan sa wa mai taɓa shi ƙaiƙayi. A raba shi da yara da sauran karnuka, a wanke hannu da sabulu, buhun da yake kwanciya a kai a wanke da ruwan zafi ko a ƙone.

Don Allah a bar shafa baƙin man inji, kananzir ko piya-piya. Suna ƙona fata, kare ya lasa, gubar ta shiga cikinsa, wani sa'in har ya mutu. Allurar Ivermectin ta shanu ma kada a yi da ka: akan auna ta da nauyin dabba, kuma akwai karnukan Turai da ba su jure ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kai shi wurin likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo na kusa. Zai iya kankarar fata kaɗan, ya duba a madubin likita, ya faɗi ciwon. Magani na ɗaukar makonni, gashi kuma ya fi haka kafin ya cika. Kada a daina don susa ta lafa.

Ƴan uwa da ke ƙetare, in an kira ku daga gida kan wannan, kuɗin ganin likita za ku aiko, ba sunan magani ba.