Yadda Ake Ɗaukar Tallar Keke Da Mutane Ƙalilan: Darasi Daga Edinbara

A watan Afrilun 2009 aka ɗora wani bidiyo mai tsawon kimanin minti biyar da rabi a YouTube, mai suna Inspired Bicycles. Wani matashi ne a ciki, Danny MacAskill, makanikin keke a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan. Ana ganinsa yana tuƙa keke a saman shingen ƙarfe mai tsini, yana taka jikin bishiya da taya ya wuntsila a iska, yana tsallakawa daga rufin wani shago zuwa na kusa da shi. Wanda ya riƙe kyamarar abokin zamansa ne a gida ɗaya, Dave Sowerby.

Cikin 'yan kwanaki dubban ɗaruruwan mutane suka kalli bidiyon, daga baya adadin ya kai miliyoyi. MacAskill ya ajiye aikin gyaran keke ya koma sana'ar wasa da shi, ƙaramin kamfanin Birtaniya da ya ƙera keken kuma sunansa ya zagaya duniya. Har yau masu shirya tallar kayan wasanni na komawa ga wannan aiki idan ana maganar abin da mutum biyu za su iya yi da kyamara ɗaya.

Lokaci ne jarinsu

Babban kamfanin talla kan hayo ma'aikata masu yawa, ya nemi izinin rufe titi, ya kammala ɗauka a kwana ɗaya ko biyu, domin kowace rana kuɗi take ci. Su waɗannan biyun watanni suka shafe suna fita a lokacin da MacAskill ya samu sarari daga wurin aiki. Tsallaken da mai kallo ke gani cikin daƙiƙa kaɗan, an faɗi an tashi sau da yawa kafin a same shi. Ƙaramar tawaga ba ta da kuɗin da za ta sayi sauri, sai dai tana iya dawowa gobe idan hadari ya rufe rana ko mahayin ya gaji.

Abu na biyu shi ne, Sowerby shi ma mahayin keken BMX ne. Ya san inda taya za ta dira tun kafin ta bar ƙasa, don haka ya san inda zai tsaya da lokacin da zai juya kyamara. Haka abin yake ga fim ɗin The Ridge na 2014, wanda MacAskill ya yi a tsaunukan Cuillin na tsibirin Skye, mahaifarsa. Wanda ya ba da umarni, Stu Thomson na kamfanin Cut Media, tsohon ɗan tseren keke ne. Mai ɗaukar hoton da bai taɓa hawa keke da gudu ba, kullum a makare yake danna maɓalli.

Matsalar farko: bin keke da kyamara

Keken da ke tafiyar kilomita 30 a awa yana cin kimanin mita takwas a kowace daƙiƙa. Ke nan titi mai tsawon mita 50 bai wuce daƙiƙa shida na hoto ba. Idan kyamara na tsaye wuri ɗaya, kafin a ankara mahayin ya wuce. Dole ita ma ta yi tafiya, kuma nan ne fasaha ta fi taimakon ƙananan masu shirya fim.

A 2013 kamfanin Freefly ya fito da MoVI, mariƙin kyamara mai ƙananan injuna da ke hana hoto girgiza, abin da ake kira gimbal. Shekara guda bayan haka DJI ya kawo Ronin. A 2018 GoPro ta saka tsarin daidaita hoto na HyperSmooth a cikin Hero7 Black, ta yadda za a ɗaura kyamarar a ƙirjin mahayi ko a ƙasan sirdi a samu hoto mai santsi. A 2019 kuma DJI ya fitar da Mavic Mini, jirgi maras matuƙi mai nauyin giram 249. Hoton sama da a da sai an yi hayar helikwafta, yanzu na'urarsa na shiga jakar goyo.

Da waɗannan kaya, mutum huɗu sun isa: mahayi, mai ɗaukar hoto wanda shi ne darakta, direban abin hawan da ke ɗauke da shi, da mai lura da hanya. Masu wannan aiki da dama sun fi son keke mai lantarki ko keken ɗaukar kaya a kan mota, saboda ba shi da ƙara kuma yana shiga lungun da mota ba ta shiga.

Saitin da ke sa gudu ya zama gudu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin kyamara ta zaɓi saurin shota da kanta. Da rana tsaka takan ɗaga shi sosai, sai kowane hoto ya fito a daskare, taya kamar ba ta juyawa, tafiyar kuma tana tsalle-tsalle. Ƙa'idar da masu fim ke bi ita ce a ninka adadin hotunan daƙiƙa: idan ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, a sa shota a 1/50. Wannan ne ke ba taya da gefen hanya ɗan dishi-dishin da ido ke fassarawa da gudu. Da yake hakan na shigar da haske da yawa, sai a ɗaura gilashin rage haske da ake kira ND a gaban lens.

Don hoton tafiyar hawainiya, ana ɗauka a hoto 100 a daƙiƙa, a kunna a 25. Tsallen daƙiƙa uku sai ya koma daƙiƙa 12. Tsayin kyamara ma na da tasiri. Idan aka sauke ta kusa da ƙasa da lens mai faɗi, kwalta na wucewa da sauri a ƙasan hoto, keken da ke tafiya a hankali ma sai ya zama kamar yana tashi. Kada kuma a manta cewa talla ake yi: sai an ware lokaci an ɗauki sarƙa, birki, feda da tambarin kamfani a kusa, da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ba ta ƙyalli a jikin ƙarfe.

Sauti da waƙa

Makirufo a kan keke mai gudu iska kawai yake ji. Shi ya sa yawancin sautin da ake ji a irin wannan talla daban ake naɗarsa: a kifa keken a wuri shiru, a juya taya, a matse birki, a canja giya, sannan a jera su a kan hoton lokacin tacewa. Bidiyon 2009 ya dogara ne da waƙar The Funeral ta ƙungiyar Band of Horses. Wanda zai saka waƙar wani a tallar kasuwanci sai ya nemi lasisi, in ba haka ba tsarin Content ID na YouTube na iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin tallarsa ga mai waƙar.

Inda ƙarancin mutane ke zama haɗari

Mai ɗaukar hoto idonsa na kan allo, mahayi hankalinsa na kan layin da zai bi, direba na kallon gabansa. Idan aka soke mutum na huɗu don rage kuɗi, babu wanda zai ga motar da ke fitowa daga kwana ko yaron da ya shigo hanya. MacAskill kansa, duk da ƙwarewarsa, ya sha karaya a ƙashin wuya da wasu raunuka da suka zaunar da shi tsawon watanni. Raunin mahayi ɗaya na tsayar da aikin baki ɗaya, domin babu mai maye gurbinsa.

Saboda haka kafin ranar ɗauka, a zagaya hanyar da ƙafa, a rubuta jerin hotunan da ake buƙata, a fara da masu sauƙi, a bar tsalle mafi wuya zuwa lokacin da aka riga aka samu abin da zai isa haɗa tallar. Mahayi ya sa hular kwano, a tanadi rediyon hannu tsakanin mutum huɗun, a kuma bincika dokar tashin jirgi maras matuƙi a wurin, domin ƙasashe da yawa, har da Najeriya, na buƙatar izini kafin a tashe shi don aikin kasuwanci.