Mata masu ciki: ƙwayar cutar da ke shigar burtu a ɗakin gwaji

Mace na iya zuwa awon ciki lafiya lau, ba zazzaɓi ba ciwo, alhali tana ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanji ko a al'aura. Likitoci na kiran ta streptokok rukunin B. Ba kasafai take cutar da uwa ba. Jariri ne ke cikin haɗari, domin yana iya kamuwa lokacin haihuwa, ya samu cutar jini, ciwon huhu ko sanƙarau.

A rahotonta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mata masu ciki kusan miliyan 20 ke ɗauke da ƙwayar kowace shekara, kuma tana haddasa asarar jarirai kimanin 150.000, ciki har da waɗanda ake haifa ba rai.

Yadda ake gano ta

A Faransa, ungozoma kan dangwalo ruwan al'aura da auduga tsakanin mako na 34 da na 38. A ɗakin gwaji ana shuka shi a faranti mai jinin tunkiya, washegari a duba abin da ya tsiro. In an samu ƙwayar, ana yi wa mace allurar penisilin ko amoksisilin ta jijiya da zarar naƙuda ta fara, an fi so awa 4 kafin haihuwa.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. A 2006, masu bincike a Kebek ta ƙasar Kanada suka bayyana wata ƴar uwarta da ba a cika gani ba, Streptococcus pseudoporcinus, wadda su ma a jikin mata suka same ta. Gwajin gaggawa yakan ɗauke ta a matsayin rukunin B. Ƙwararren ma'aikaci yakan fara zargi in ya ga ta narkar da jinin farantin da faɗi, tunda rukunin B ɗan siririn zobe yake bari. Tabbaci kuwa sai da na'urar MALDI-TOF ko binciken ƙwayoyin gado. Galibi penisilin na kashe duka biyun, amma in ba a san ainihin sunan ƙwaya ba, ba za a san yawanta da ɓarnarta ba.

Abin kula ga iyaye

Irin waɗannan na'urori sai manyan ɗakunan gwaji, don haka sa ido ya zama dole. In faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko zazzaɓi ya kama mai naƙuda, a tafi gidan haihuwa nan take. Jaririn da ya ƙi kama nono, yake nishi, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi fiye da kima, a garzaya da shi likita, kada a jira ranar suna.