Ɗanyar Zuma da Sarrafaffiyar Zuma

1.0 Gabatarwa

Zuma tana daga cikin abubuwan da Bahaushe ya daɗe yana cuɗanya da su. Yakan zuba ta a fura da kunu, ya yi alkaki da nakiya da ita, ya kuma haɗa magunguna. A yau mai saye yakan tarar da zuma iri biyu a kasuwa: wadda ake kawowa daga ƙauye cikin gora ko jarka, wani lokaci har da saƙarta, da kuma wadda ake jerawa a kanti cikin kwalba mai tambari. Wasu na ganin ta farkon ita ce zumar gaskiya, ta biyun kuwa ruwan sukari ce kawai. Wasu kuma na ganin ta kanti ce mai tsafta, ta ƙauye kuwa abar ƙyama. Wannan darasi zai nuna cewa kowane ɓangare ya yi kuskure, domin ainihin bambancin yana ga yawan zafin da aka ba zumar da irin tacewar da aka yi mata, ba ga wurin da aka sayo ta ba.

2.0 Yadda Zuma Take Samuwa

Ƙudan zuma yakan tsotso ruwan zaƙi daga furanni, kamar na ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, ya kai cikin amya. Wannan ruwa tsararo ne. Ƙudajen sukan gauraya shi da wasu sinadarai na jikinsu da ake kira enzayim, su zuba a ramukan saƙa, su yi ta fifita da fukafukansu har ruwan ya ragu. Idan ya yi kauri sai su liƙe bakin ramin da kaki. Wannan liƙewa ita ce alamar zuma ta nuna.

Nunanniyar zuma ta ƙunshi sukari kimanin kashi 80 cikin 100, da ruwa kimanin kashi 17 zuwa 18. Mafi yawan sukarin iri biyu ne, wato furuktos da gulukos. Ɗan abin da ya rage ya haɗa da enzayim, da garin fure, da sinadaran da ke ba ta launi da ƙamshi. Ƙarancin ruwa da ɗan tsamin da ke cikinta su ne ke hana yawancin ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki, shi ya sa take daɗewa ba ta lalace ba.

3.0 Ɗanyar Zuma

Ɗanyar zuma ita ce wadda aka fitar daga saƙa, aka tace da ƙyalle ko rariya don cire ɓarɓashin kaki da matattun ƙudaje, ba tare da an ba ta zafin da ya wuce na cikin amya sosai ba, wato kimanin digiri 35 a ma'aunin Salshiyos. Takan yi ɗan duhu-duhu saboda garin fure, ƙamshinta kuma yakan nuna irin furen da ta fito.

A nan ya kamata a lura da wani abu. Ba duk zumar gargajiya ce ɗanya ba. Bahaushe ya ce, "Zuma sai da wuta," domin da hayaƙi ake korar ƙudan kafin a ɗiba. To amma wasu masu ɗiba ba su tsayawa a nan. Sukan ɗora saƙar a kan wuta don ta narke, kaki ya taso sama. Irin wannan zuma ta sha zafi sosai, ko da kuwa daga ƙauye ta fito. Haka kuma idan aka matse saƙa gaba ɗaya, har da tsutsar ƙudan da ramukan da ba a liƙe ba, ruwa yakan yi yawa, ba da jimawa ba zumar ta fara kumfa da tsami.

4.0 Sarrafaffiyar Zuma

Sarrafa zuma a masana'anta ya samu gindin zama ne bayan ƙirƙire-ƙirƙire biyu. A shekarar 1852 wani Ba'amurke mai suna Langstroth ya yi rajistar amyar katako mai allunan da ake zarewa a mayar. A 1865 kuma Hruschka ya ƙera injin da ke wulwula saƙa ya fitar da zuma ba tare da an murƙushe ta ba. Daga nan zuma ta yawaita, ta zama hajar da ake kaiwa ƙasashe masu nisa.

Matakan sarrafawa su ne:

(a) Ɗumamawa, don zumar ta saki ta yi sauƙin tacewa.
(b) Ba ta zafi, misali digiri 63 na tsawon minti 30, ko fiye da digiri 70 na ɗan lokaci kaɗan, don kashe yis ɗin da ke sa ta tsami da narkar da ƙananan tsakin sukari.
(c) Tacewa da mataci mai ƙananan ƙofofi.
(d) Gauraya zumar wurare daban-daban don launi da ɗanɗano su zama bai ɗaya.

Amfanin haka shi ne zumar takan yi garau, ta daɗe ba ta daskare ba. Illarsa kuwa, zafi yana raunana enzayim, yana rage ƙamshi, tsananin tacewa kuma yana kwashe garin fure. Har ila yau zafi yana ƙara wani sinadari da ake kira HMF, wanda masana ke aunawa don gane ko zuma ta sha wuta ko ta tsufa. Ƙa'idar zuma da hukumar Codex Alimentarius ta fitar a 1981 aka kuma sabunta a 2001, ta iyakance shi ga miligiram 40 a kowane kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi. Ta kuma ce kada ruwan zuma ya wuce kashi 20 cikin 100.

5.0 Kurakurai Uku da Ya Kamata a Gyara

Na farko, ɗaukar daskarewa a matsayin alamar algus. Mutane da yawa idan suka ga zuma ta yi tsaki-tsaki a gindin kwalba, musamman da hunturu, sai su ce an zuba mata sukari. Alhali gulukos ne ke rabuwa da ruwa, kuma ɗanyar zuma ta fi saurin yin haka. Da wannan zato akan zargi mai gaskiya, a sayi jabu. Maganin daskarewa shi ne a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi.

Na biyu, haɗa sarrafawa da algus. Sarrafaffiyar zuma zuma ce. Algus kuwa shi ne a cakuɗa ta da narkakken sukari ko maɗi, kuma ana yin sa a zumar jarka da ta kwalba. Matsalar ta game duniya: a rahoton da Tarayyar Turai ta fitar a 2023, an yi shakkar ingancin samfur 147 daga cikin 320 na zumar da aka shigo da ita, wato kashi 46 cikin 100. Gwaje-gwajen gida, kamar ƙyasta ashana ko ɗiga zuma a ruwa, kaurinta kawai suke nunawa, ba su tabbatar da asalinta. Abin dogaro shi ne amintaccen mai kiwo, ko lambar rajistar hukumar NAFDAC ga zumar kwalba a Nijeriya.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne lasa wa jinjiri zuma. Zuma tana iya ɗauke da irin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Hanjin babba ya fi ƙarfinta, amma a cikin jaririn da bai kai wata 12 ba tana iya tsirowa ta fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi. Alamominsa su ne taurin bayan gida, da kasa tsotson nono, da raunin kuka, da sakin jiki. Zafin masana'anta ba ya kashe wannan iri, don haka ɗanya da sarrafaffiya hukuncinsu ɗaya: ba a ba yaro sai ya cika shekara.

6.0 Wace Ce Ta Fi?

Ta fuskar ƙamshi da ɗanɗano da enzayim, ɗanyar zuma da aka ɗiba da tsafta ta fi. Ta fuskar daɗewa da sauƙin fatauci, sarrafaffiya ta fi. Amma ta fuskar gina jiki tazarar ba ta da yawa, domin bitamin da ma'adanan da ke cikin kowacce ƙalilan ne. Cokali babba ɗaya na kowacce yana ɗauke da kalori kimanin 64. Ke nan mai ciwon sukari kada ya ruɗu da sunan "ɗanya". Ya nemi shawarar likita.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa zuma kashi uku ce, ba biyu ba: ɗanya, da sarrafaffiya, da mai algus. Biyun farko suna da amfaninsu, ta ukun ce abar gudu. Malami idan ya je aji, ya kyautu ya zo da saƙa da zumar kwalba, ɗalibai su gani su shinshina, ya koya musu kalmomin sana'ar irin su amya da saƙa da kaki. Sannan ya tabbata gargaɗin da ya shafi jarirai ya isa gidajensu, domin abin da yaro ya ji daga malaminsa yakan kai wa mahaifiyarsa.

Tambayoyin Bita

1. Mece ce alamar da ke nuna zuma ta nuna a cikin saƙa?
2. Kawo matakai huɗu na sarrafa zuma, tare da amfani da illar yin haka.
3. Me ya sa ba duk zumar gargajiya za a kira ɗanya ba?
4. Bayyana dalilin hana jariri zuma kafin ya cika shekara ɗaya.
5. Ziyarci mai kiwon zuma a yankinku, ka rubuto kalmomi goma da suka shafi sana'arsa da ma'anoninsu.